Kafin Ka Cire Famfon Baƙin Mai Daga Injin Jirginka

'Yan'uwanmu da ke zaune a garuruwan bakin Tafkin Volta, irin su Yeji, Makango, Buipe, Kete Krachi da Dambai, sun san cewa abincin gidaje da yawa yana rataye ne a jikin injin da ke bayan kwale-kwale. Da shi ake fita su, da shi ake tsallakar da 'yan kasuwa da doya da gawayi da dabbobi ranar kasuwa. Sabon inji kuwa ya yi tsada, shi ya sa mutane suka koma wa na hannu, waɗanda muke kira hom-yus, da ke shigowa ta tashar Tema daga Turai da Amurka. Wasu saye ake yi a wurin dillalai, wasu kuma 'ya'yanmu da ke waje ne ke sakowa cikin kwantena domin taimaka wa gida.

Da yawa daga cikin waɗannan injuna suna zuwa da abin da masu jirgi a nan ba su saba da shi ba: ƙaramin tanki na biyu na baƙin mai, da famfon da ke haɗa man da fetur da kansa. Shawarar farko da mai inji yake ji a bakin ruwa ita ce, a cire shi kawai a huta. Wani lokaci shawarar daidai ce. Wani lokaci ita ce ajalin injin. Abin da ya kamata a fahimta tun farko shi ne, ranar da aka cire famfon, aikinsa bai tafi ko'ina ba, ya dawo wuyan mutum ne. Daga ranar, duk litar fetur da za ta shiga injin sai wani ya tuna ya sa mata mai, ba fashi ko sau ɗaya.

Me ya sa injin ke shan mai tare da fetur?

Injin mota mai bugu huɗu ne. Yana da kwano a ƙasansa inda baƙin mai ke kwance, famfo yana zagayawa da shi, ana juye shi bayan wani lokaci. Yawancin tsofaffin injunan jirgi kuwa masu bugu biyu ne, ba su da wannan kwano. Fetur da iska suna fitowa daga kafireta, su ratsa ta ɗakin da karanshaf ke juyawa, sannan su hau saman fistin su ƙone. Tunda ta nan fetur ke bi, ba za a iya ajiye mai a wurin ba. Dabarar ita ce a sa man cikin fetur ɗin, yana wucewa yana shafa boris da fistin da bangon silinda, sauran ya ƙone ya fita da hayaƙi. Muna kiransa baƙin mai ne bisa sabo, ko da yake na jirgi ba baƙi ba ne.

Inji mai ƙarfin doki 40 yana juyawa wajen sau 5,000 a minti ɗaya idan aka buɗe masa totur. A irin wannan gudu, idan mai ya yanke, ba a ɗaukar dogon lokaci fistin zai yi zafi, ya kumbura, ya kama bangon silinda. Shi ne ake cewa inji ya buga.

Injunan Yamaha Enduro da suka cika tafkin da bakin tekunmu an ƙera su ne ba tare da famfon mai ba. Da hannu ake haɗa musu tun daga kamfani. Wannan ne ya sa kanikawanmu da yawa suka ƙware a kansu, amma suke ɗari-ɗari da inji mai famfo.

Aikin da famfon yake yi

Tun farkon shekarun 1980 kamfanoni suka fara sa wa injunan jirgi wannan tsari. Dalilinsu biyu ne: kada mutum ya manta da haɗi, kuma inji ba ya buƙatar mai iri ɗaya a kowane gudu. A cikakken gudu yana son kashi 1 na mai cikin kashi 50 na fetur. A silo kuwa kashi 1 cikin 100, ko ma ƙasa da haka, ya ishe shi. Famfon yana ƙara mai yana ragewa gwargwadon aikin da injin ke yi. Ribar ita ce ƙarancin hayaƙi, fulogi ya daɗe bai yi baƙi ba, kuma galan ɗin mai ya yi auki.

Famfunan ba iri ɗaya ba ne. A injunan Johnson da Evinrude akwai wanda ake kira VRO, wanda ya fito a 1984. Shi famfon fetur ne da na mai a jiki ɗaya, kuma bugun iskar da ke cikin injin ne ke motsa shi. A injunan Mercury, wata giya ta roba mai tauri da ke jikin karanshaf ce ke juya famfon. A na Yamaha ma karanshaf ne ke juya shi, sannan akwai siririn ƙarfe da ya haɗa shi da totur, kana ƙara wuta yana ƙara mai. Saboda wannan bambanci, bakaniken da ya cire na wani kamfani lafiya zai iya yin ɓarna a na wani idan ya bi hanya ɗaya.

Dalilan masu cirewa ma ba na banza ba ne. Injin da ya shekara 25 ko 30, tiyonsa ya bushe, yana iya tsagewa iska ta shiga. Giyar roba tana cinyewa. Ruwa yana shiga tankin mai ya kwanta a ƙasa, famfo ya riƙa tura ruwa maimakon mai. Ga wahalar kayan gyara: kamfanin OMC mai Johnson da Evinrude ya durƙushe a ƙarshen shekarar 2000, wanda ya gaje shi kuma ya daina ƙera Evinrude a 2020. Mutum zai iya zagaye Abossey Okai a Ankara da Magazin a Kumasi bai samu famfon da yake nema ba.

Injunan da ba a taɓa wa famfo

Wannan shi ne wurin da asara ta fi yawa, don haka a kula.

Na farko, inji mai bugu huɗu. Shi ba shi da wannan tsari ma sam. Mansa a kwano yake kamar na mota, fetur zalla yake sha. Wanda ya zuba masa fetur mai haɗi zai tara masa dauɗa a fulogi da cikin silinda, kuma hakan ba ya maye gurbin man kwanon.

Na biyu, injuna masu bugu biyu na zamani da ke fesa fetur kai tsaye a saman fistin, irin su Evinrude E-TEC, Mercury OptiMax, Yamaha HPDI da Tohatsu TLDI. A cikinsu fetur ba ya bi ta ɗakin karanshaf ko kaɗan, iska ce kawai ke bi. Ko ka cika tanki da haɗi mai kyau, man ba zai kai ga boris ba. Famfo ne kaɗai ke kai musu mai. Cire shi daidai yake da kashe injin da hannunka.

Ƙa'ida mai sauƙi: a buɗe murfin inji a duba. In babu kafireta, kada a taɓa famfon, a nemi wanda ya san irin injin. In kuma akwai kafireta, a bi kowane tiyon mai a ga inda ya ƙare. Wanda ya ƙare a hanyar fetur ko a bayan kafireta, haɗin hannu zai iya maye gurbinsa. Wanda ya shige jikin inji ya nufi boris kai tsaye, a tsaya a duba littafin injin tukuna.

Kada a yanke wa famfo hukunci ba bincike

Sau da yawa idan inji ya buga, famfon mai ake ɗora wa laifi, alhali mai laifin daban ne. Abubuwa uku sun fi kashe injunan jirgi: kafireta da ta toshe, robar famfon ruwa da ta cinye har inji ya yi zafi, da ruwa a cikin fetur. Akwai alama mai taimakawa. A injin da ake haɗa mai da fetur tun kafin su rabu zuwa kafiretoci, kamar mai VRO, in famfo ne ya mutu duk fistin ɗin za su ji a jikinsu. In ɗaya ne kawai ya ƙone sauran suna lafiya, a fara zargin kafiretar da ke ba shi abinci. Wanda ya cire famfo ya bar kafireta a toshe, zai sake sayen fistin.

Gwada famfon ba wuya. A zuba haɗin 50 da 1 a tankin fetur domin kariya, a bar famfon yana aikinsa. A ja layi da alƙalami a jikin tankin mai daidai inda man ya tsaya. A yi aiki da jirgin kwana biyu ko uku ana lissafin fetur ɗin da ya sha. In ya sha lita 50, man da ya ragu ya kamata ya kama tsakanin rabin lita da lita 1, gwargwadon yawan gudun da aka yi. In layin bai motsa ba, famfo ba ya aiki, ko iska ta shiga tiyo. In ya ragu daidai, famfonka lafiya yake, sabon tiyo da wanke tanki kawai yake so. A kwanakin gwajin inji zai yi hayaƙi fiye da kullum saboda mai biyu yake sha. Wannan ba ya kashe inji cikin 'yan kwanaki.

In cirewar ta zama dole

Aikin bakanike ne, amma mai jirgi ya tsaya a kai ya ga an yi waɗannan abubuwa.

1. Haɗi kafin komai. A juye fetur zalla da ke tanki da tiyo, a zuba haɗin 50 da 1, a tayar da inji ya yi 'yan mintoci famfon na nan, har haɗin ya cika kafireta. Sai bayan haka a taɓa famfo. Wanda ya fara da cirewa, injinsa zai tashi da sauran fetur zalla da ke kafireta ba mai.

2. Kada a bar famfo yana juyawa a bushe. Famfon da giya ke juyawa, man da yake turawa shi ne ke shafa shi. In aka yanke masa mai aka bar shi a jiki, zai iya cijewa ya fasa giyar, ɓarɓashin ya faɗa cikin inji. A zare shi tare da sandar da ke juya shi, a rufe ramin da marfin da aka yi domin haka, da gasket mai kyau. A inji mai VRO, ana toshe bakin da mai ke shiga a bar ɓangaren fetur yana aiki, ko a sauya shi baki ɗaya da famfon fetur na gargajiya da ya dace da girman injin.

3. A toshe kowace ƙofa. Duk bakin da aka zare wa tiyo ya zama hanyar iska. Iskar da ta shiga ta bayan kafireta tana sa haɗin ya yi ƙaranci, fistin ya yi zafi ya huje. A sa marfin roba mai jure fetur a ɗaure da kilif. Tsinke da leda da ƙusa ba sa wannan aiki. Wasu manyan injunan Mercury suna da tiyon iska da ke tura mai daga babban tanki, shi ma sai an toshe shi.

4. A raba wayoyi da hankali. Bayan cirewa, ƙararrawar inji za ta yi ta kuka tana cewa babu mai, wasu injunan ma sukan rage gudu da kansu. Mai gaggawa sai ya yanke wayar ƙararrawar gaba ɗaya. Matsalar ita ce ƙararrawar nan ɗaya ita ce ke faɗin inji ya yi zafi. A cire wayoyin na'urar mai kaɗai. Bayan an gama, bakanike ya gwada a gabanka: a yawancin waɗannan injuna, in makulli na kunne aka taɓa wayar na'urar zafi da jikin inji, ƙararrawa za ta yi ƙara. In ta yi shiru, aiki bai ƙare ba.

5. A fitar da tankin mai daga jirgin, kada wani ya gan shi ya ɗauka famfo na nan. A rubuta da fenti a murfin inji da jikin tankin fetur cewa sai da haɗi, 50:1. Jirgi ba mutum ɗaya ke tuƙa shi ba. Akwai yaron jirgi, akwai ƙane, akwai wanda zai ara, akwai wanda zai saya wata rana.

6. Gwajin farko kusa da gaɓa. A duba ruwan sanyaya inji yana fita da ƙarfi, a saurari silo, sannan a kwance fulogi a duba. Launin ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce. Fari fat yana nuna iska ta yi yawa, a koma neman inda take shiga.

Lissafin haɗi

Haɗin 50 da 1 yana nufin mililita 20 na mai a kowace lita ta fetur. Lita 10 tana son mililita 200. Galan ɗin Kufuor mai lita 20 yana son 400, mai lita 25 yana son 500, wato cikin robar ruwa ta rabin lita. A lura, galan-galan ɗin nan ba girmansu ɗaya ba, a san wanda ke hannu. A samu roba guda mai awo a ɗaure ta da igiya a jikin jirgi, kada a riƙa auna da ido ko da gwangwanin da aka tsinta.

Injin da aka sa wa sabon fistin da ringi yakan so ninki biyu a awoyin farko, wato 25 da 1, mililita 40 a lita, sannan a dawo 50 da 1.

Wajen haɗawa, a fara zuba ɗan fetur, a zuba man, a girgiza sosai, sannan a cika. Man da aka zuba a busasshen tanki yakan kwanta a ƙasa, inji ya fara da mai zalla ya ƙare da fetur zalla.

Irin man ma da magana. A nemi wanda aka rubuta TC-W3 a jikin robarsa, shi ne aka yi domin inji mai bugu biyu da ruwa ke sanyayawa. Baƙin man mota ba a yi shi domin ƙonewa ba, yana barin toka da ke kama ringi. Man 2T na babur an yi shi ne domin injin da iska ke sanyayawa, wanda zafinsa ya bambanta. Man juye kuwa, wanda aka fitar daga mota, ko kusa da jirgi kada ya zo.

Wasu kan ce gara mai ya yi yawa da ya yi kaɗan. In zaɓin biyu ne kawai, haka ne. Amma yawan mai kullum yana tara gawayi a kan fistin da hanyar hayaƙi, ringi ya maƙale, ƙarfin inji ya ragu. Ko da awo daidai ne, injin da aka cire wa famfo zai riƙa shan mai a silo fiye da da. Masuncin da ke daɗewa a silo wajen shimfiɗa koma ya riƙe fulogi na ajiya da sifana a jirgi.

Inda firimis ya shigo

A Gana akwai abin da masu waɗannan injuna a Turai ba su da shi: firimis, fetur ɗin da gwamnati ke tallafa wa masunta da shi, wanda ake rabawa ta hannun kwamitocin bakin ruwa. An riga an haɗa shi da mai, kuma an rina shi shuɗi domin a bambanta shi da na gidan mai. Wannan ya sa maganar famfo a wurinmu ta zama mai fuska biyu.

Injin da famfonsa ke aiki, in aka zuba masa firimis, mai biyu yake sha. Hayaƙi zai yi yawa, fulogi ya riƙa mutuwa, gawayi ya taru a hankali. Wanda ya san firimis zai riƙa sha kullum, kuma injinsa mai kafireta ne, yana da hujjar cire famfo.

Haɗarin yana ɗaya fuskar. Kowa ya san firimis yakan yi wuya, a yi makonni mota ba ta zo ba. A irin wannan lokaci mutane kan sayi fetur a gidan mai. Wanda hannunsa ya saba da ɗaukar galan ya juye a tanki ba tare da auna komai ba, shi ne ya fi kusa da mantawa. Galan ɗaya na fetur zalla ya isa ya kashe injin da aka sha wahala kafin a samu. Maganin shi ne a ware galan-galan: na firimis daban, na fetur zalla daban da alamar jan fenti, kuma a sa mai tun a gidan man kafin galan ya iso bakin ruwa. Mutum ɗaya ne zai riƙa haɗi a kowane jirgi, domin aikin da aka ce na kowa ne, ba mai yin sa.

Kuma a tuna fetur ne, ko shuɗi ko ja. Kada a ajiye shi a ɗakin kwana ko kusa da murhun banda kifi.

Abin da ke kan layi ya wuce kuɗin fistin

Mota in ta mutu, a gefen titi take tsayawa. Tafkin Volta kuwa, tun da aka kammala madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya mamaye fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500, kuma kututturan itatuwan da ya shanye suna nan tsaye a ƙarƙashi. Jirgin da injinsa ya buga a tsakiya ba shi da ikon juya kansa. Iska ta taso, igiyar ruwa ta buge shi ta gefe, ko ta kai shi kan kututture, ga mata da yara da kaya a ciki. Shi ya sa maganar mililita 20 ba ƙaramar magana ba ce. Filafili da rigunan ruwa su kasance a jirgi, ko da inji sabo ne.

Ga matasanmu da ke waje masu niyyar aiko wa gida inji: kafin ka biya kuɗi, ka ɗauki hoton farantin lambar injin ka tura wa bakaniken da zai riƙa duba shi a gida. Ka tambayi mai sayarwa ko mai kafireta ne, ko an taɓa cire masa famfo. In an cire, ka rubuta a jikinsa kafin ya shiga kwantena, domin wanda zai karɓa a Tema zai ga tankin mai ya ɗauka komai na aiki. In famfon na nan, ka haɗo da sabon tiyo da robar famfon ruwa da littafin injin. Kuɗinsu kaɗan ne a can, a nan kuwa samunsu aiki ne.

Ga iyayenmu masu jirage kuma: famfon da aka gwada aka ga yana aiki, a bar shi a kula da shi. Wanda ya mutu kuma babu kayansa, a cire shi cirewa ta gaskiya, a toshe ƙofofi, a bar ƙararrawar zafi, a rubuta a jiki, a koya wa yaran jirgi awo har ya zauna musu. Mai karatu da ke da ɗan'uwa a bakin ruwa ya isar masa da wannan bayani. Allah ya tsare matafiya, ya sa a fita lafiya a dawo lafiya.